Neman shawara: ina aikin dare a Houston, in sayi bindiga ko in haƙura?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗau zafi kuma ba ni da wanda zan faɗa wa in ba ku ba.

Ina zaune a kudu maso yammacin Houston, wajen Alief, ni da iyalina da yara biyu. Wanda ya karɓe ni lokacin da na zo mijin yayata ne, a falonsa na yi ta kwana har na samu abin yi. Shi ya koya mini tuƙin nan, shi ya tsaya mini na karɓi mota bashi, har yanzu ina biya duk wata. Daga baya muka samu saɓani a kan kuɗin inshora, yanzu dai gaisuwa ce kawai tsakaninmu, shi ya sa ban kai masa wannan maganar ba. Na fara da wankin mota, na koma ɗaukar kaya a sito, bayana ya ƙi, sai wani ɗan'uwa ya haɗa ni da mai gidan man da nake yi wa aiki yanzu. Ina tsaron kantin daga goma na dare zuwa shida na safe, ni kaɗai. Daren na zaɓa saboda akwai ɗan ƙari a kan kowace awa, kuma da safe ni nake kai yara makaranta tunda uwarsu ba ta tuƙi. Ga haya, ga kuɗin maganin Hajiya da nake turawa gida, ga ƙanena da ke karatu a wuyana.

Kwanakin baya wajen ƙarfe uku na dare yara biyu suka shigo sun rufe fuska. Na ce yara don wallahi wanda ke riƙe da bindigar hannunsa rawa yake yi, muryarsa ma ba ta gama buɗewa ba. Ya ɗora mini ita a gefen kunne. Suka kwashe kuɗin durowa da kwalayen taba da wayata. Ba su ji mini ciwo ba, alhamdulillahi. 'Yan sanda sun zo, sun kalli kyamara, sun rubuta mini lambar rahoto a 'yar takarda, shi ke nan ban sake jin komai ba. Ba a jima ba kuma aka fasa gilashin motata a ƙofar gida.

Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. Ƙofar kanti na yin ƙara gabana zai faɗi, ko da tsohuwa ce ta shigo sayen madara. Akwai wanda muke canjin aiki da shi, ya ce zai sayar mini da ƙaramar bindiga dala 300 har da harsashi, ya ce a Texas ba a bukatar lasisi, hannu da hannu ne kawai. Na ce ya ba ni zuwa Asabar. In saya? In na saya, in riƙa shiga da ita kanti ko in bar ta a mota? Waye a cikinku ya taɓa riƙewa?

Maman Sadik:
Innalillahi. Sannu Baban Ilham, Allah ya tsare gaba. Matarka ta san da maganar bindigar nan?

Ɗan Zongo, Bronx:
Sannu ɗan'uwa. Kafin kowa ya ce komai, wace takarda kake zaune da ita?

Alhajin Dallas:
Ƙanena, sannu da wannan jarrabawa. Saurare ni da kyau, don na fi shekara ashirin a jihar nan kuma da bindiga a ƙuguna nake kwana nake tashi. Ka saya. Abin da abokin aikinka ya faɗa gaskiya ne. Tun 1 ga Satumba 2021, bayan Gwamna Greg Abbott ya sa hannu, duk wanda ya kai shekara 21 kuma doka ba ta haramta masa mallakar bindiga ba, yana iya ɗaukar ta ba tare da lasisi ba. Amma ni shawarata ka yi lasisin duk da haka. Dala 40 ne kuɗin jiha, ajin awa huɗu zuwa shida ne, sai a kai ka filin harbi a gwada hannunka. A nan za a koya maka inda ba a shiga da ita, makaranta, kotu, rumfar zaɓe, mashaya.

Kada ka bar ta a mota. Na farko, ɓarayin nan da suka fasa maka gilashi ita suke nema. Na biyu, bindigar da ke mota ba ta da amfani ga wanda ke cikin kanti. A watan Oktoba 1991 wani ya kutsa da mota cikin gidan abinci a garin Killeen, nan Texas, ya buɗe wuta ya kashe mutum 23. Akwai wata mata a ciki, Suzanna Hupp, tana da bindiga amma ta bar ta a mota saboda dokar lokacin ta hana shiga da ita. A ranar aka kashe uwarta da ubanta. Ita ce ta yi ta fafutuka har George Bush ya sa hannu a dokar lasisi a 1995 lokacin yana gwamna.

Ko a unguwarku an yi. Janairu 2023, a wani gidan abinci a kan titin Gessner, ɗan fashi ya shiga yana karɓe wa mutane kuɗi, wani da ke cin abinci ya harbe shi, ya mayar wa kowa kuɗinsa. Ba a gurfanar da shi ba.

Ƙasar nan da bakin bindiga aka kafa ta. Zamanin kaboyi kowa da tasa a ƙugu, shi ya sa kowa ke ganin mutuncin kowa. Tun da Colt ya fito da bindigarsa mai juyawa ƙato ya daina cin zalin ƙarami. Ɗan sanda sai an gama yake zuwa, kai ma ka gani da idonka.

Ɗan Zongo, Bronx:
Alhaji, da girmanka, ka tsallake wurin da ya fi komai. Kai ɗan ƙasa ne, fasfonka shuɗi. Shi ba mu san matsayinsa ba. Dokar Texas daban, ta tarayya daban, kuma ta tarayya ce ke korar mutum. Wanda ya shigo da bizar ziyara ko ta karatu, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga ko harsashi, sai 'yan togaciya kaɗan kamar mai lasisin farauta. Wanda bizarsa ta ƙare kuwa babu ma magana. Mai katin zama na dindindin yana iya saye, amma ko shi in kotu ta same shi da laifin da ya shafi bindiga, ana iya tasa ƙeyarsa gida, yara a nan shi a can.

Sannan cinikin hannu da hannu. Gaskiya ne Texas ba ta tilasta bincike idan tsakanin mutum da mutum ne. To ka san inda bindigar ta fito? In ta sata ce fa? In an taɓa yin aika-aika da ita fa? A shago aƙalla za ka cike fom, a bincika sunanka, ka fito da rasit.

Abu na ƙarshe, fatarmu. Ina unguwar nan lokacin da aka kashe Amadou Diallo, ɗan Gini, a ƙofar gidansu a Soundview, 4 ga Fabrairu 1999. Harsashi 41 'yan sanda huɗu suka harba, 19 suka same shi, kuma walat ce a hannunsa. Kotu ta sallame su duka. Philando Castile a Minnesota, Yuli 2016, yana da lasisi, da bakinsa ya gaya wa ɗan sandan cewa akwai bindiga a jikinsa. A cikin motar aka harbe shi, yarinya 'yar shekara huɗu na zaune a baya. Shi ma ɗan sandan an sallame shi. Ka yi tunanin 'yan sanda sun iso kantinka ƙarfe uku na dare, an ce musu an yi harbi, sun tarar da baƙin mutum riƙe da bindiga, Turancinsa da karin harshen gida.

Ɗalibi a Wichita:
Baba Alhaji, a yi mini afuwa zan ɗan sa baki a kan maganar kaboyi, don a garin da abin ya faru nake zaune, kuma abin da fim ke nunawa ba haka yake a takardun garuruwan ba.

Daga 1867 makiyaya suka fara koro shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, Abilene da farko, sannan Ellsworth, Wichita, Dodge City, Caldwell. Samari ne, sun yi wata biyu ko uku a daji, an biya su kuɗinsu a dunƙule, ga giya ga caca. 'Yan kasuwar garuruwan nan suna son kuɗin samarin amma ba sa son gawa a titi, don haka suka kafa dokar hana yawo da makami a cikin gari. A nan Wichita alluna aka kafa a hanyoyin shigowa, ka kai bindigarka ofishin 'yan sanda a ba ka shaida, in za ka fita ka karɓa. A Dodge City akwai hoton babban titinsu na ƙarshen shekarun 1870, da allo a tsakiyar titi an rubuta cewa ɗaukar bindiga haramun ne. A daji kowa na da tasa, saboda namun daji da ɓarayin shanu da yaƙin da ake yi da 'yan asalin ƙasar. Amma a cikin gari ajiyewa ake yi.

Shahararren faɗan nan na Tombstone a Arizona, 26 ga Oktoba 1881, wanda aka yi ta fim a kansa, a kan wannan dokar ya tashi. A watan Afrilu na shekarar garin ya kafa doka mai lamba 9, duk wanda ya shigo ya ajiye makaminsa. A ranar faɗan ma an kai Ike Clanton, ɗaya daga cikin kaboyin, gaban alƙali an ci shi tarar dala 25 saboda yawo da bindiga. Virgil Earp, shugaban 'yan sandan garin, ya tafi da 'yan'uwansa da abokinsu Doc Holliday ne don su karɓe makaman sauran kaboyin. Cikin kamar daƙiƙa talatin mutum uku suka mutu.

Wani masanin tarihi, Robert Dykstra, ya bi jaridun garuruwan Kansas ɗin nan biyar daga 1870 zuwa 1885, ya ƙirga kisan kai 45 gaba ɗaya. Wasu masanan sun ce in aka auna da ƙanƙantar garuruwan adadin ba kaɗan ba ne, kuma suna da hujja. Amma dai ba kullum ake harbe-harbe da tsakar rana ba.

Ita kanta Texas, a 1871 ta haramta yawo da ƙaramar bindiga da wuƙa a bainar jama'a, ta togace matafiya da yankunan bakin iyaka da ake kai wa hari. Hanin nan, da gyare-gyarensa, shi ya kai har 1995 da Baba ya ambata. Wato fiye da shekara 120 mutumin Houston ba ya da izinin fita da ita a ƙugu.

Alhajin Dallas:
Yaro, karatunka ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Amma tunda tarihi kake so, ɗauko shi gaba ɗaya. Wa aka fi kamawa da waɗannan dokokin a Kudu? Bayan an gama yaƙin basasar Amurka a 1865, Mississippi ta yi doka cewa baƙin mutum da aka 'yanta ba zai riƙe bindiga ba sai da izini, alhali waɗanda ke zuwa ƙona masa gida da dare suna da nasu. Ida B. Wells, 'yar jaridar da ta yi yaƙi da rataye baƙaƙe, a 1892 ta rubuta cewa ya kamata bindigar Winchester ta samu wurin girma a gidan kowane baƙin mutum, saboda kariyar da hukuma ta ƙi ba shi. Ba ni na faɗa ba. Kuma su mutanen Dodge City da suka ajiye tasu, akwai ɗan sanda a bakin titi, garin gaba ɗaya bai fi ka zaga shi da ƙafa ba. Shi wannan bawan Allah waye a bakin titinsa ƙarfe uku na dare?

Ku da ke New York an saba muku da tsoro. Tun 1911 aka ɗaure ku da dokar lasisi, sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a Yuni 2022. Duk tsawon shekarun nan an daina fashi a Bronx?

Ni an taɓa tare ni a wurin ajiye manyan motoci. Rigata kawai na ɗaga, mutumin ya juya. Ban harba ba, ban kira kowa ba, babu rahoton da ya ƙirga wannan. Irinsa dubu nawa ne? Ɗalibi ba zai gan shi a jarida ba.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai. Alhaji, maganarka ta shige ni, don abin da ke raina ke nan. Masu cewa in bi a hankali, na ji, amma ba ku aka ɗora wa ƙarfe a kunne ba. Maganar takarda, ana kan aiki a kai, akwai lauya, ba matsala ba ce. Shi kuma mai bindigar na san shi, mutumin kirki ne, yana da iyali, ba zai ba ni kayan sata ba. A shago na duba, sun fi ƙarfina yanzu. Maman Sadik, ban gaya mata ba tukuna, ko fashin ma ce mata na yi wayar faɗuwa ta yi. Tana da hawan jini tun haihuwar ƙaramin, ba na son in tayar mata da hankali.

Maman Sadik:
Baban Ilham, ka yi haƙuri zan faɗa maka abin da ba za ka so ba. Aikin jinya nake yi a ɓangaren gaggawa a garin nan. Za ka shigo da bindiga gidan da mace ba ta san da ita ba, ga yara biyu. Ina za ka ajiye ta in ka dawo da safe ka kwanta? Ƙarƙashin filo? Saman kwaba? Yaro ɗan shekara huɗu yana jawo kujera ya hau, kuma yatsansa na iya danna kunama. Na karɓi irinsu da hannuna, ba zan ba da labarin ba. Daga 2020 harbin bindiga ya zama abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a Amurka, ya wuce haɗarin mota. A Texas ma laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaron da bai kai 17 ba zai kai gare ta.

Kuma kai da bakinka ka ce ba ka barci, ƙarar ƙofa na faɗar maka da gaba. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a ƙasar nan, fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Ban ce kai za ka yi ba, Allah ya kiyaye. Na ce mutumin da ke cikin firgici likita yake bukata kafin komai.

Alhaji ya kawo labarin Gessner, bai faɗi cewa sai da aka shekara guda kafin a ce ba za a gurfanar da mutumin ba, kuma bindigar ɗan fashin ta roba ce. Bai kuma kawo na Fabrairu 2022 ba. Wani mutum aka yi wa fashi a wurin na'urar cirar kuɗi a nan Houston, ɗan fashin ya ruga, shi kuma ya zaro tasa ya bi shi da harbi. Harsashin ya samu motar wasu bayin Allah da ke wucewa, ya kashe yarinya 'yar shekara tara. Shi aka yi wa fashi, a 2024 shi aka tuhuma da kisa.

Yaran nan da suka shigo maka, bindigar na kunnenka kafin ka ankara. Da akwai taka a ƙugu, yaushe za ka zaro?

Na Ƙofar Mata:
Ku kuna ma da zaɓi. Mu a nan Kano ƙanena aka tare a cikin adaidaita sahu bayan magariba, saboda wayar da ba ta kai dubu sittin ba suka yanke shi a hannu, har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa. Wa zai ba ka lasisi a nan? Dokar makamai ta 1959 ce har yanzu, wasu bindigogin sai da izinin shugaban ƙasa, wasu Sufeto Janar, ko bindigar toka sai kwamishinan 'yan sanda ya yarda. Talaka in an kama shi da wuƙa ya shiga uku, masu ƙwacen kuma da ita suke yawo. A Yuni 2022 gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi bindiga su kare kansu, har aka ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta, hukumomin tsaro suka ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Mutanen ƙauye suna nan, ɓarayin daji da AK-47, su da harba-ruga. Ni da ina inda kake da tuni na saya. Kuma don Allah masu turo kuɗi gida ku daina turo wa yara manyan wayoyi, ku kuke jawo musu.

Ɗan Maraɗi, Greensboro:
Ni na yi aikin gidan mai shekaru. Ba wanda ya tambaya, mai kantin ya yarda ka zo da bindiga? Yawancinsu ba sa yarda saboda inshora, ranar da ya gani ranar aikinka ya ƙare. Abin da za ka nema wurinsa shi ne gilashi mai hana harsashi, da kulle ƙofa daga sha biyun dare a riƙa ciniki ta taga, da akwatin da ake zura kuɗi ba ya buɗuwa. In ya ƙi, ka bar masa kantinsa. Kuɗin durowa ba naka ba ne. Ni mai gidana na farko haka ya ƙi, ga shi ya riƙe mini kuɗin sati biyu da zan tafi, har yau ban yafe ba, mutumin da muke sallah sahu ɗaya da shi.

Malam Abu Hafsa:
Allah ya ƙara tsarewa. Ta fuskar addini kare kai halal ne, babu saɓani. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne. Amma malamai sun ce ana tunkuɗe mai ta'addanci ne da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe shi, in magana ta isa ba a duka, in duka ya isa ba a kisa, in ya juya ya gudu ba a bin sa. Da yawansu kuma sun ce a kan dukiya mutum na da damar ya sallama don ya tsira da ransa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani, ya kuma hana nuna ɗan'uwa da makami. Sannan ka shigo ƙasar mutane da alkawarin bin dokarsu. In dokar ta ba ka, bismilla, ka koya ka kiyaye. In ba ta ba ka ba, kada ka saya a ɓoye. Kuma iyalinka na da haƙƙin sanin abin da ke cikin ɗakinta.

Alhajin Dallas:
To ga Malam ma ya ce halal ne. Hajiya, akwatin ƙarfe mai buɗewa da yatsa bai kai kuɗin gilashin motar da aka fasa masa ba, ni na rene yara biyar da bindiga a gida, ko ɗaya bai taɓa ganin inda take ba. Ku masu aikin asibiti waɗanda abin ya ɓaci kawai ake kawo muku, wanda ya tsira gida yake tafiya. Ƙanena, in ka shigo Dallas ni zan kai ka filin harbi da kuɗina. Kada ka bari a mayar da kai abin tausayi.

Ɗan Zongo, Bronx:
Alhaji, Malam cewa ya yi in doka ta ba shi. Shi kuma ya ce ana kan aiki a kan takardarsa. Wanda ake kan aiki a kan takardarsa bai da ita ke nan. Baban Ilham, ɗauki waya ka kira lauyan nan ka yi masa tambaya ɗaya, ko kana da izinin riƙe bindiga a matsayin da kake yanzu. Minti biyar ne.

Baban Ilham:
Lauyan kowane kira kuɗi ne, kuma na san abin da zai ce, su komai a'a ne. Ɗan Maraɗi, na yi wa mai kantin maganar gilashi tun washegari, ya ce zai duba. Barin aikin ba zai yiwu ba yanzu, haya na jiran ƙarshen wata, kuma ba kowa ke ɗaukar mutum yadda shi ya ɗauke ni ba. Aikin rana kuma wa zai kai yara? Ba wai zan harbi kowa ba ne, ni ko kaza ba na son yankawa. So nake kawai in ji akwai wani abu a kusa da ni. Maman Sadik, na ji maganar yara, a mota zan riƙa barin ta in na dawo, ba za ta shiga gida ba.

Maman Sadik:
Motar da aka fasa?

Ɗalibi a Wichita:
Yaya, ko feshin barkono ka fara riƙewa kafin ka ji daga lauya. Shi a Texas ba ya bukatar lasisi.

Na Ƙofar Mata:
Barkono a gaban bindiga? Ku bar mutum ya kare kansa. Wai nawa ne dala 300 a naira yanzu?

Baban Ilham:
Zan dai je Asabar ɗin in gan ta, gani ba saye ba ne. Alhaji, na tura maka saƙo ta gefe, don Allah ka duba, akwai abin da nake son tambaya a kan irin harsashin.

Ɗan Zongo, Bronx:
Ɗan'uwa, har yanzu ba ka faɗi wace takarda ce ba.